Yadda Dattawa Ke Auna Daɗi da Wuyar Shekarar da Ta Wuce

Waiwayen shekara al'ada ce da dattawa suka fi kowa riƙo da ita. Idan shekara ta zo ƙarshe, tsoho ko tsohuwa kan bi watanninta ɗaya bayan ɗaya, su ware abin da ya zo da daɗi da abin da ya zo da wuya, su ƙidaya waɗanda aka haifa da waɗanda aka binne, sannan su yanke wa shekarar hukunci: ta yi albarka, ko ta zo da tsanani, ko kuwa ta haɗa duka biyun. A ƙasar Hausa ba a keɓe wa wannan lissafi wata rana ta musamman ba. Yana fitowa ne a majalisar ƙofar gida bayan la'asar, a zaman makoki, a wurin suna, da kuma a tsakar gida idan tsofaffin mata sun haɗu suna ɓarar gyaɗa. Masu iya magana suka ce waiwaye adon tafiya. Rubutun nan zai bi wannan waiwaye daki-daki: wace shekara ake lissafawa, me ake sa wa a ma'auni, wane amfani ke ciki ga lafiyar tsoho, kuma wane haɗari ke tattare da shi.

Shekara uku a hannu ɗaya

Dattijon Bahaushe yana rayuwa ne a cikin shekara iri uku lokaci guda, kuma kowacce da irin lissafinta.

Ta farko ita ce shekarar Hijira, mai kwana 354 ko 355, wadda ke farawa da Muharram, watan cika-ciki. Da ita ake auna ibada: an samu ikon yin azumin tsofaffi a Rajab? An kai Ramadan da lafiya? An yi layya? Wa ya sauke farali a gidan bana? Da yake ta gaza shekarar rana da kusan kwana 11, watanninta na zagaya lokutan shekara, sai bayan kimanin shekara 33 suke komawa inda suka faro. Ke nan mai shekara 70 ya ga azumi ya ratsa bazara da hunturu da kaka da damina har sau biyu, ya san azumin zafi, ya san na sanyi.

Ta biyu ita ce shekarar manomi, wadda ke farawa da ruwan shuka ta ƙare da kaka. Lissafinta da dami ake yi da buhu: gero dami nawa aka ɗaure, dawa nawa, wake buhu nawa, kuma rumbu zai kai gidan har wane wata. A nan ne ake fitar da zakkar hatsi, kashi ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga abin da aka wahala wajen ban ruwa, idan amfanin ya kai nisabi.

Ta uku ita ce shekarar Miladiyya, daga Janairu zuwa Disamba. Da ita ake lissafin fansho, kuɗin haya, kuɗin makarantar jikoki da kasafin kuɗin gwamnati. Dattawa Kiristoci masu jin Hausa kan rufe ta da sujadar godiya a daren 31 ga Disamba, bayan bikin godiyar kaka da majami'u ke yi tun da farko.

Shekaru masu suna

Kafin takardar haihuwa ta yaɗu, da abin da ya faru ake gane shekara, kuma dattawa ne ke raɗa mata suna. Yunwar da ta auka wa ƙasar Kano da kewaye a tsakanin 1913 da 1914 ta zauna a bakin mutane da sunan Kakalaba. Tsofaffin yau kuwa sukan auna shekarunsu da lokacin da motoci suka koma bin hannun dama a Najeriya a 1972, da shekarar 1973 da naira ta maye gurbin fam kuma fari ya cinye amfanin gona da dabbobi a yankin Sahel, da ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970, da canjin kuɗi na 1984, da ɓallewar madatsar ruwa ta Bagauda a 1988. Ma'aikatan ƙidayar jama'a ma sun daɗe suna amfani da jerin irin waɗannan abubuwa don gano shekarun wanda bai san ranar haihuwarsa ba.

Tarihin Baba ta Karo misali ne na darajar wannan ajiya. Tsohuwa ce Bahaushiya, wadda wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da ita a tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta labarinta daga bakinta, littafin ya fito a 1954. Baba ta jera rayuwarta ne bisa aure da haihuwa da zumunci da harin masu kama bayi da zuwan Turawa, kuma har yau masana na komawa ga labarinta don sanin zaman matan Hausawa na wancan zamani. Abin da ya fara a matsayin hirar tsohuwa ya zama madogarar tarihi.

Abin da ake sa wa a ɓangaren daɗi

Idan dattijo ya fara lissafin alherin shekara, da wuya ya fara da dukiya. Yakan fara da rai da lafiya. Ganin wata shekarar shi kansa riba ne ga wanda ya raka sa'o'insa da dama makwanci, shi ya sa addu'ar da ta fi yawa a bakin tsofaffi ranar Sallah ita ce Allah Ya maimaita mana. Bayan rai sai ƙarfin jiki: ƙafa ta kai shi masallaci ko majami'a, ido ya ga rubutu, kunne ya ji kiran salla, ya yi alwala da kansa ba tare da an riƙe masa buta ba. Abubuwa ne da matashi ba ya ko lura da su, amma su ne mutuncin tsoho.

Sai zuriya. Jikan da aka haifa aka sa masa sunan kakansa, yarinyar da aka kai ɗakin mijinta lafiya, yaron da ya sauke Alƙur'ani, wadda ta gama jami'a ko makarantar koyon jinya, ɗan da ya dawo daga ci-rani da abin hannunsa. Tsoho kan ɗauki nasarar 'ya'ya da jikoki a matsayin tasa, domin a nan yake ganin wahalar da ya sha ba ta tafi a banza ba.

Sai abinci da zaman lafiya: damina ta yi kyau, fara da tsuntsu ba su sauka ba, an kwana an tashi ba a gudu ba. A ƙarshe akwai wani alheri da dattawa ke ba muhimmanci ƙwarai, wato gyaruwar zumunci. 'Yan'uwan da suka daɗe ba sa ga-maciji sun sasanta, rigimar gado ta mutu, auren da ya kusa rabuwa ya tsaya. Sau da yawa tsohon da kansa ne ya shiga tsakani, don haka yake lissafa sulhun cikin aikin da ya yi a shekarar.

Abin da ake sa wa a ɓangaren wuya

A wannan ɓangare mutuwa ce a kan gaba. Kowace shekara majalisa na raguwa, kuma rashin aboki na ƙuruciya ya sha bamban da sauran rashe-rashe, domin da shi ake binne labaran da babu wani mai tuna su. Rashin abokin zama ya fi tsanani. Matar da mijinta ya rasu tana takaba wata huɗu da kwana goma, a lokacin gida cike yake da masu ta'aziyya, amma bayan an watse ne kaɗaici ke bayyana. Mafi ɗaci duka shi ne tsoho ya binne ɗansa ko jikansa.

Na biyu ciwo ne. Hawan jini, ciwon suga, ciwon gaɓoɓi, yanar ido da raunin ji su ne abokan tafiyar tsufa, kuma yawancinsu ba sa warkewa gaba ɗaya, sai dai a riƙa lallaɓa su da magani. Wannan ya kai ga na uku, wato tsadar rayuwa. Mafi yawan tsofaffin ƙasar Hausa manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, ba su da fansho, da 'ya'yansu suka dogara. Idan aljihun ɗa ya yi rauni, a kwanon uba da kwalbar maganin uwa ake fara gani. Waɗanda suka yi aikin gwamnati kuwa sun san wahalar layin tantancewa da jiran haƙƙin da ya makara.

Shekarar 2024 ta isa misali. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, farashi ya yi ta hawa, har litar fetur ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yuli, amma ƙarin bai shafi tsohon da ba ya karɓar albashi ba. Azumin shekarar ya faɗo cikin tsananin zafin Maris da Afrilu. A ranar 10 ga Satumba madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. A cikin watan ne kuma ruwan sama ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19. A watan Oktoba jihohin Arewa da dama suka shafe kwanaki babu wutar lantarki. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, 'yan bindiga sun hana mutane da yawa zuwa gona, wasu dattawan sun bar garuruwan da aka binne iyayensu. Duk da haka, a shekarar ce Najeriya ta sanar da buɗe iyakarta da Nijar a watan Maris, bayan rufewar da ta biyo juyin mulkin Yulin 2023, abin da ya faranta ran iyalan da iyakar ta raba.

Ma'aunin tsoho daban ne

Matashi da tsoho za su iya rayuwa cikin shekara guda, su yanke mata hukunci daban. Dalili na farko shi ne tsawon gani. Matashin Maiduguri ya ga ambaliyar 2024 a matsayin abin da ba a taɓa gani ba, amma dattijon garin ya tuna da ta 1994, ya san yadda ruwa ya janye, ya san cututtukan da suka biyo baya, ya san yadda aka sake gini. Wanda ya ga farin 1973 yana da abin da zai gwada tsadar hatsi da shi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Dalili na biyu masana halayyar ɗan Adam ne suka bayyana shi. Laura Carstensen ta Jami'ar Stanford a Amurka, tare da abokan aikinta, ta nuna cewa idan mutum ya ji sauran lokacinsa ya taƙaita, burinsa kan sauya. Yakan rage neman sababbin abubuwa, ya mai da hankali ga mutanen da yake ƙauna da abin da ke kwantar masa da rai. Binciken nasu ya kuma gano cewa tsofaffi sun fi matasa karkata ga lura da abubuwa masu daɗi da kuma tuna su. Wannan na daga cikin abin da ya sa tsohuwar da ta sha jinya wata uku za ta iya cewa shekarar ta yi kyau, don kawai an haifa mata tattaɓa-kunne.

Akwai kuma abin da masu nazarin tunani suka tabbatar, cewa mutanen da suka manyanta sun fi tuna abubuwan da suka faru da su tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsu. Shi ya sa hirar bara kan zarce zuwa zamanin dalar gyaɗa da jirgin ƙasa. Wannan ba ɓatan kai ba ne. Tsohon yana ɗauko ma'auninsa ne don ya gwada shekarar da ta wuce.

Amfanin waiwaye

A da, likitoci da yawa a ƙasashen Turai da Amurka na ɗaukar yawan tuna baya a matsayin alamar lalacewar ƙwaƙwalwa. A 1963 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Robert Butler, ya ƙalubalanci wannan ra'ayi. Ya bayyana cewa bitar rayuwa aiki ne na ɗabi'a da tsoho ke yi don ya daidaita tsakaninsa da abin da ya wuce, ya warware ƙullin da ya rage, ya samu natsuwa. Tun kafin shi, Erik Erikson ya raba rayuwar ɗan Adam zuwa matakai takwas, ya ce a matakin ƙarshe mutum na tsakanin abu biyu: gamsuwa da cewa rayuwarsa ta yi ma'ana, ko yanke ƙauna da nadama. Daga irin wannan fahimta aka samar da hanyar jinya ta hirar tuna baya, wadda ake amfani da ita a ƙasashe da dama don rage damuwar tsofaffi.

Addini ya riga ya koyar da haka. Malamai na kiran sa muhasaba, kuma ana jingina wa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi nasihar cewa mutum ya yi wa kansa hisabi tun kafin a yi masa. Waiwayen da aka yi shi daidai kamar sheƙar hatsi yake, a raba tsaba da ƙaiƙayi: a riƙe darasi da godiya, a saki abin da ba a iya mayarwa. Daga nan ne ayyuka ke biyo baya. Tsoho ya tuna bashin da ake bin sa da wanda yake bi, ya sa a rubuta. Ya nuna wa 'ya'yansa iyakar gona a gaban shaidu. Ya gyara wasiyyarsa, wadda a shari'ar Musulunci ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya. Ya nemi gafarar wanda ya ɓata wa, ya yafe wa wanda ya ɓata masa. Rigingimun gado da yawa da ke cika kotuna da an kauce musu idan an yi wannan tun mai abu na da rai.

Inda haɗarin yake

Waiwaye na iya rikiɗewa ya zama ciwo. Hakan na faruwa ne idan tunani ya tsaya wuri guda yana maimaita rashi ɗaya ko kuskure ɗaya dare da rana, ba tare da ya kai ga haƙuri ko gyara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 14 cikin ɗari na masu shekara 60 zuwa sama na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, waɗanda suka fi yawa su ne ciwon damuwa da fargaba, kuma kaɗaici na shafar kusan ɗaya cikin huɗu na tsofaffi. A Najeriya, binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a kan masu shekara 65 zuwa sama, wanda aka buga a 2007, ya gano cewa kusan 7 cikin ɗari sun yi fama da ciwon damuwa mai tsanani a cikin shekara guda kafin binciken.

Alamomin da ya kamata iyali su lura da su sun haɗa da daina fita majalisa, ƙin cin abinci, rashin barci, rama, yawan kuka, barin sana'a ko ibadar da aka saba, da yawan cewa an zama kaya ga mutane ko gara mutuwa. Idan irin waɗannan suka wuce mako biyu, asibiti ya kamata a nufa, domin ciwon damuwa yana da magani. Haka kuma idan tsoho na ba da labarin shekara 50 baya tiryan-tiryan amma ya kasa tuna an yi biki a gidansa watan jiya, yana maimaita tambaya ɗaya, ko yana ɓata a unguwarsu, kada a tsaya ga cewa gigin tsufa ne kawai. Yana iya zama farkon cutar mantuwa, ko wata larura da likita zai iya ganowa. Jifan irin waɗannan tsofaffi da zargin maita zalunci ne.

Aikin da ke kan iyali da hukuma

Waiwaye na buƙatar mai sauraro. Dattijon Bahaushe ba ya saurin kai kuka. Ko yana cikin ciwo, idan aka gaishe shi zai ce lafiya lau, alhamdulillahi. Don haka tambayar gaisuwa ba ta isa ba, sai an zauna an yi tambaya mai kama suna: Baba, cikin shekarar nan me ya fi faranta maka rai? Inna, maganin hawan jinin ya yanke a wane wata? Kaka, wa kika fi kewa? Kunya kan hana 'ya'ya, musamman ɗan fari, sakin jiki da iyaye, amma wasan da ke tsakanin jika da kaka ƙofa ce a buɗe, kuma jikoki kan ji abin da ba a faɗa wa iyayensu ba. Idan tsoho ya yarda, ana iya naɗar muryarsa a waya a adana, domin sunayen kakanni da tarihin gida da iyakokin gonaki kan tafi tare da mai su.

Mai sauraro ya guji katse magana da cewa an sha jin wannan labari, ya kuma guji rufe bakin mai kuka da kalmar haƙuri tun bai gama faɗin abin da ke ransa ba. Idan hira ta nutse cikin baƙin ciki, sai a tuna masa da alherin da ya manta. Idan kuma ya ɓoye wuya don kada ya ɗaga hankalin 'ya'yansa, sai a bincika a hankali. Ƙarshen shekara lokaci ne mai kyau na kai tsoho awon jini da suga da ido, da duba magungunan da yake sha, da tsara wanda zai ɗauki nauyin me a shekara mai zuwa. Waɗanda ke nesa su sa ranar kira da ranar ziyara, domin zumunci a ƙafa yake.

Hukumomi ma na da nasu rabo. A 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 1 ga Oktoba a matsayin ranar tsofaffi ta duniya, ta kuma ayyana 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na tsufa cikin ƙoshin lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa a 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance mai shekara 60 ko fiye. A Najeriya an sa hannu a 2018 kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa. Abin da tsofaffi ke lissafawa a ɓangaren wuya kowace shekara, wato tsadar magani, jinkirin fansho, rashin tsaro a gona da kaɗaici, shi ne jerin ayyukan da ke gaban irin waɗannan hukumomi, da sarakuna, da malaman addini, da ƙungiyoyin unguwa. Raguwar waɗannan koke-koke daga shekara zuwa shekara ita ce za ta nuna ko kulawar da ake yi wa dattawa tana isa gare su.